Lallen Fitar Takabar Mma

Mahaifiyarmu, wadda duk muke kira Mma, tana da magana ɗaya da ba ta gajiya da faɗa: a gidansu ba a furfura. Kakarta, in ji ta, ta mutu babu haƙori ko ɗaya a bakinta amma gashinta baƙi wuluk. Ba wanda ya ga kakar nan a cikinmu, don haka ba mai ƙaryatawa. Ga kuma shaida a kan Mma ita kanta, don ta haura sittin gashinta na nan baƙi yana sheƙi, in ta zauna kitso a tsakar gidanmu na Salaga har maƙwabta kan leƙo su yi ta yabawa. Ni da furfura ta fara leƙo mini tun ina goyon ɗana na biyu, da na kai mata kuka sai ta dubi kaina cikin tausayi ta ce, "Ayya, ta dangin ubanki kika ɗauko." Na yarda, na ɗauki shekaru ina jin haushin dangin ubana.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda ba, ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda aure ya kai Bawku tun kafin a haife ni, tana kasuwancin albasa a can. Tsakanin mace da ƙanwar mijinta akwai wasa, kowa ya sani, amma na waɗannan biyu ya wuce wasa ya zama sana'a. Gwaggo ba ta taɓa kiran Mma da wani suna ba sai Amarya, ko bayan Mma ta aurar da 'ya'ya ta ga jikoki. In an haɗu a biki ko suna, sai ta bari mata sun cika ɗaki, ta zaro farin hankici daga jaka, ta jiƙa shi da yawu, ta ture ɗankwalin Mma ta goga a gashin da ƙarfi, sannan ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Kullum hankici fitowa yake fari tas.

"Rini ne," Gwaggo kan ce. "Ban kama shi yau ba, amma wallahi rini ne."

"Gado ne, Mai Albasa," Mma kan amsa tana gyara ɗaurinta. "Ki je ki ji da naki farin kan."

Mata su yi ta shewa. Mahaifinmu, Alhaji, ba ya sa baki. In an kai ƙara gabansa sai ya ce shi goro yake sayarwa, maganar gashi a kai wa wanzami.

Shekarar da Alhaji ya rasu ina Yendi, can nake aure kuma nake koyarwa a firamare. Mma ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ado, ba turare, ba lalle. Ta ɗaure kanta da farin ƙyalle, ɗauri irin wanda ko iska ba ta shiga, kuma duk zuwan da na yi gaishe ta ban taɓa ganin ta kwance shi ba, duk zafin garin. Na ɗauka tsantseni ne irin na tsofaffi.

A unguwarmu in mace ta gama takaba ba ta fita haka kawai. Ana sa rana, mata dangin miji su taru, a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, a kwance ɗaurin kanta a gaban kowa, a taje, a yi mata kitso, a raba masa sadaka, sannan ta sa sabon zane ta fita gaishe-gaishe. Wadda ke kwance ɗaurin kuwa 'yar'uwar mamaci ce. Alhaji 'yar'uwa ɗaya ta rage masa a duniya, ita ce Gwaggo. Takabar za ta cika a farkon mako, aka sa taron ran Asabar don na nesa su samu isowa.

Ana haka Mma ta kira ni a waya, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata.

"Ki zo tun kafin mutane su taru. Ki taho da lalle mai kyau, da yawa. Kada ki gaya wa mijinki."

"Lallen ƙafa, Mma?"

"Ke dai ki taho da shi."

Na shiga kasuwar Yendi wajen wata tsohuwa Badagomba da ke zama kusa da masu doya, na ce ina son wanda ya fi kowanne kamawa. Ta zuge mini wani buhu daga ƙarƙashin tebur ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Wannan yana kama paa. Ko dutse ka sa shi, zai kama." A rayuwata 'yan kasuwa sun sha yi mini ƙarya, ban taɓa jin ciwo ba kamar yadda na ji ciwon gaskiyar matar nan.

Na isa Salaga jikina duk ya mutu da gargadar hanya. Ko ruwa Mma ba ta bari na gama sha ba, ta ja ni ɗaki, ta sa sakata, ta sauke labule. Ta tsaya tana kallona kamar za ta yi wasiyya, sannan ta sa hannu ta kwance ɗaurin.

Daga fatar kai zuwa kamar faɗin yatsu huɗu, gashin Mma fari ne fat, ko sili ɗaya baƙi babu. Daga nan kuma baƙin da muka sani ya ɗora har ƙarshe. Abin da ya fara fito mini a baki shi ne, "Mma, ashe furfurar nan tawa..."

"Yanzu lokacin wannan maganar ce?"

Sai ta zauna a bakin gado ta ba ni labari, idonta a ƙasa. Furfura ta kama ta tun tana da ƙuruciyarta, tun tana da cikin yayata. Ta yi kuka, don a lokacin ta riga ta cika baki a gaban dangin miji cewa gidansu ba a yi. Alhaji ya ce ta share hawayenta, shi zai san yadda za a yi. Tun daga ranar shi yake rina mata gashi da hannunsa.

Nan take wani abu ya faɗo mini. Muna yara, duk bayan 'yan makonni Alhaji kan wayi gari ya tattara mu kaf ya aike mu, wannan kasuwa, wannan gidan kaka, wannan ɗibar ruwa a rijiya mafi nisa alhali ga rijiya a gida. In mun dawo da wuri mu tarar da ɗaki a kulle, sai a ce mu yi shiru, Alhaji na biya wa Mma karatu. Mun sha mamakin karatun nan mai warin ɗanyen ganye, da kuma yadda Mma ta shekara talatin da wani abu tana biyawa amma ba ta bar izu ɗaya ba. Na tuno Alhaji da babbar rigarsa da rawaninsa, mutumin da samari ke durƙusawa su gaisar tun daga nesa, na yi ƙoƙarin ganinsa ya naɗe hannun riga ya ɗaura leda a yatsu yana tsaga gashin matarsa. Dariya ta zo mini, kewarsa ta zo tare da ita, na rasa wadda zan saki.

"To me yake sawa?" na tambaya.

"Lalle na gani yana kwaɓawa. A bayana yake zama, ni kuwa da ya fara sai barci ya ɗauke ni. In na farka ya ce in je in wanke."

Na ce ai magana ta ƙare, lalle ga shi. Da takabar ta cika na kwaɓa shi da ruwan ɗumi, na matsa lemon tsami don ya ƙara kamawa, na lafta mata shi tun daga goshi, na naɗe da leda. Muka bar shi ya jima sosai, don ni ba na aikin rabi da rabi. Da muka wanke a bayan ɗaki, ina zuba ruwa ina ganin abin da ke fitowa.

Farin nan duka ya koma ruwan goro, mai haske, irin na manjan da aka ɗora a wuta. Baƙin da ke ƙasa kuma yana nan daram, sai ya ƙara fito da shi. In ka taɓa ganin an cinna wa ciyawa wuta a gona, ga harshen wuta ga inda ya riga ya ƙone, to ka ga kan Mma a ranar.

"Ba ni madubi," ta ce.

"Bari ya bushe tukuna."

"Ba ni madubi, 'yar nan."

Ta duba, ta yi salati, ta juya madubin ta goge shi da zane ko shi ne da laifi, ta sake dubawa. Sannan ta ce, a hankali, "Kasuwar lalle na aike ki ko wajen masu tuyar ƙosai?"

Daga nan muka shiga neman magani, kuma dole a ɓoye, don a Salaga in ka yi tari da safe, kafin azahar an zo maka jaje daga ƙarshen gari. Na kira wata abokiyar aikina a Yendi na ce kaina ne ya yi haka. Ta yi dariyarta ta ƙoshi, ta ce in dafa ganyen shayi ya yi baƙi ƙirin in wanke da shi. Muka ƙarar da shayin da aka tanada don baƙi. Kan Mma ya yi ƙamshin teburin mai shayi, launi bai ko gezau ba. Abokiyar tawa ta ce to a gwada sobolo, wato zoɓo, wai yana kashe hasken. Muka jiƙa sobolo mai kauri muka shafa. Bai kashe komai ba, sai ma ya ƙara masa wani ja-ja, ya kuma ɓata mana tawul biyu. Ita kuwa abokiyar tawa ba ta riƙe bakinta ba, don da na koma makaranta malamai sun yi mako suna gaishe da ɗankwalina maimakon ni.

Mma da kanta ta kawo shawarar baƙin tukunya. Muka kankaro shi, muka haɗa da man kaɗanya, na shafa mata. Gaskiya ya rufe, har ta yi murmushi ta ce ai ga shi nan. Da ta idar da sallar la'asar muka ga farin mayafinta ya koma tsumman goge murhu, ga baƙi ya gangaro mata ta gefen kunne. Na ce mata, "Mma, wannan ko hankici ba sai Gwaggo ta zaro ba." Muka wanke.

Na fita da kaina na sayo ɗan kwalin nan na baƙin rini da ake sayarwa a shago, mai hoton wata mata tana dariya. Allah ya taimake ni na fara ɗiga shi a hannuna. Kafin a jima wurin ya tashi ya yi jawur yana ƙaiƙayi kamar na taɓa ciyawar nan ƙaiƙayi-koma-kan-masheƙiya. Mma ta ce ita a sa mata haka nan, gara kai ya kumbura da Mai Albasa ta yi mata dariya. Na ce ba da hannuna ba, na jefa kwalin a masai. Ranar ba ta ci tuwon da na tuƙa ba.

Washegari da safe ta kira ni da murya mai sanyi, irin wadda take yi in ta gama shirya wata dabara.

"Ki je wajen liman ki tambayo mini wata mas'ala."

"Wace iri?"

"Ki ce wata baiwar Allah ce ke tambaya, in mace tana son mijinta ƙwarai, ko ya halatta ta ƙara takaba. Ko da wata biyu ne."

Na ce ba inda za ni, don duk unguwar mace ɗaya ce ke takaba, liman kuma ba yaro ba ne. Ta ce to za ta kwanta ciwo. Na ce in ta kwanta ciwo Gwaggo ce za ta zo jinya, ta kwana da ita a ɗaki ɗaya. Can ta ce, "Ba dariyar ce ke damuna ba. Za a ce duk shekarun nan ƙarya nake yi, kuma za a tambaya wa ke yi mini. Alhaji na kwance a kabari a riƙa ba da labarinsa a wajen kitso, ana cewa ashe mai rini ne." Nan na gane abin ya fi ƙarfin fahariya, kuma raina ya ɓaci da ban iya yi mata komai ba.

Ran Juma'a da hantsi, ana gobe taro, na shimfiɗa mata tabarma a bayan ɗaki kusa da rijiya, kai a buɗe, don abokiyar tawa ta ce rana na kashe launi. Mma na zaune ta miƙe ƙafa, kanta na walƙiya, ni ina tankaɗen garin masa. Mun ji tsayawar babur mai kaya a ƙofar gida, muka ɗauka masu kawo itace ne. Warin albasa ne ya fara isowa, sannan sallama, kuma kafin Mma ta lalubo ɗankwali Gwaggo ta riga ta zagayo, jaka a hammata. Ta samu lorin albasa mai zuwa kudu ta biyo shi, ta iso kwana ɗaya kafin a sa ran ganinta.

Ta tsaya cak. Ta dubi kan Mma, ta dube ni, ta sake duban kan. Jakar ta zame ta faɗi.

"Ei!" ta ce. "Ei, Amarya! A kawo ruwa, gidan yayana ya kama wuta!"

Ban taɓa ganin tsohuwa ta yi dariya irin ta ranar ba. Ta riƙe bakin rijiya, ta saki, ta zauna a ƙasa, ta buga cinya, ta tashi ta zagaya bayan Mma ta duba daga can, ta dawo ta sake zama. Mma ba ta motsa ba, ba ta kuma rufe kan ba. Ta haɗe fuska tana kallon bango, sai da dariyar ta lafa ta ce, "To, kin kama. Gobe sai ki tara mutane ki faɗa musu."

Gwaggo ta share hawaye da bakin mayafi ta juyo wurina. "Ke malama, lalle kaɗai kin sa?"

Na ce i.

"To rabin aiki ne kun yi. Lalle gindi ne. In ya kama, an wanke, sai a sa shuni a bisa, shi ne yana rufe ja ɗin ya koma baƙi. Ba shuni, ba baƙi koraa, ko kaɗan."

Ta jawo jakarta, ta tona ƙarƙashin zannuwa, ta fito da wani ƙulli a baƙar leda, ta kwance. Wani gari ne kore, mai warin ɗanyen wake, garin ganyen da ake yin shuni da shi. Warin na bugun hancina na san shi, warin karatun Mma ne.

Mma ta dubi ƙullin ta ce, "Ina kika samo wannan?"

"Inda ina samowa kullum. Amarya, wa kina tsammani yana kawo wa mijinki? A Salaga zai saya, gari duka ya ji? Ni ne ina tsallaka iyaka in sayo a kasuwar can, in cusa cikin buhun albasa in aiko masa. Ya ce mini wai hula yake rinawa. Na ce Yaya, hula nawa gare ka?"

"Kin sani," Mma ta ce. "Duk shekarun nan kin sani, kina goga mini hankici a gaban mutane."

"To ba na san ba ya zuba ba? Mai kyau nake sayowa. In ban goga ba, wani zai goga da sabulu." Ta murza garin a tsakanin yatsunta, murmushin ya ragu. "Wannan ma watan jiya na saya. Na biya, na ɗaure, na sa a jaka, sai da na hau mota na tuna babu wanda zan aika wa."

Kaza ta zo tana tsattsagar garin masar, ban kore ta ba.

"Gobe fa?" Mma ta tambaya, murya ƙasa.

"Gobe me? In na faɗa, da wa zan yi faɗa a biki? Ke malama, kawo ruwan ɗumi da gishiri kaɗan. Wannan ba a barin shi ya kwana kamar lalle, ana kwaɓawa ana sawa. Kuma ki rufe ƙofar zaure, ki ce muna karatu."

Na kawo, ta kwaɓa a tsohon kwano, ta ɗaura leda a hannu, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna a bayan Mma tana mita, wai ita da ta zo a karɓe ta da nama an sa ta aikin marina. Ni kuwa na tsaya gefe ina jin daɗi a raina, don dai an tabbatar lallena ba shi da laifi, na kuma faɗa da ƙarfi don a ji. Ba wadda ta kula ni.

Gwaggo ta tsaga gashin daga goshi, ta ɗebo kwaɓin za ta shafa. Mma ta ɗaga hannu ta riƙe nata.

"Ba haka yake yi ba," ta ce. "Daga ƙeya yake farawa. Yakan ce in sunkuya."

Ta sunkuyar da kai tun ba a ce mata ba. Tun ranar da aka fita da gawar Alhaji ban ga hawayen Mma ba, ko a ranar ma ta danne, sai ga su suna ɗiga a kan tabarma, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta dube ta, kwaɓin na hannunta. Sannan ta gyara zama, ta ɗage gashin bayan, ta fara daga ƙeya.